Ɓarnar Ƙuruciya: Da Wace Fuska Dattijo Zai Tuna Ta?

 

A wannan mako ina so mu duba wata matsala wadda ba safai a kan kawo ta gaban malamai ba, alhali kuwa babu dakalin hira da ba a taɓa ta. Matsalar ita ce, idan mutum ya girma, furfura ta fito masa, ya zauna cikin tsararrakinsa ana tuna ɓarnar da aka yi lokacin ƙuruciya, da wace fuska ya kamata ya ba da nasa labarin? Ya halatta ya ji daɗin tunawa har ya yi dariya? Ko kuwa wajibi ne ya sunkuyar da kai?

Abin da ya jawo ni ga wannan magana shi ne, kwanan baya, bayan mun tashi daga darasin nahawu, wani ɗalibina ya nuna mini wani fim a wayarsa. Waɗansu dattawa ne na birnin Niyok a ƙasar Amurka, waɗansu da furfura, waɗansu da sanƙo, suna ba da labarin yadda su kan rubuta sunayensu da fenti a jikin jiragen ƙasa na birninsu sa'ad da su ke samari. Fuskokinsu cike da fara'a, kai ka ce labarin yaƙin da suka ci su ke bayarwa. Ɗalibin nan ya ce mini, “Malam, wannan da su ke yi alfahari ne da saɓo, ko kuwa hira ce kawai?” Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta taɓa ni a inda bai zata ba.

Bari in fara da asalin abin, saboda wanda bai sani ba. Tun 1904 birnin Niyok ya ke da jiragen da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, su ne abin hawan talaka da ma'aikaci dare da rana. A ƙarshen shekarun 1960 waɗansu yara suka fara rubuta laƙabinsu a bango da jikin taragu, kowa ya haɗa da lambar titin da ya ke zaune. Wanda ya fi shahara cikinsu wani yaro ne mai asali daga ƙasar Girka, ɗan aike, mazaunin titi na 183, saboda haka ya kan rubuta “Taki 183” duk inda aike ya kai shi. Ran 21 ga Yuli 1971 jaridar New York Times ta buga labarinsa, yana da shekara 17. A cikin labarin an ce a shekara guda kaɗai hukumar jiragen ta kashe kimanin dala 300,000 wajen goge irin wannan rubutu. Maimakon labarin ya zama tsawa, sai ya zama gayyata. Yara suka ga da alƙalami ɗaya ɗan talaka ya shiga babbar jarida, sai suka yi ta bin sawunsa.

Ba a daɗe ba abin ya tashi daga ɗan rubutu da alƙalami ya koma zane da fentin gwangwani mai feshi. Samari su kan tsallake shinge da tsakar dare su shiga inda a ke kwantar da jirage, su kwana suna aiki cikin duhu, daf da dogon nan na uku wanda ke ɗauke da wutar lantarki mai kisa. Wani ya kan cika tarago guda tun daga sama har ƙasa da harufan sunansa masu launi iri iri. In gari ya waye sai su taru a tasha su zauna a kan benci, suna jiran jirgin ya zo wucewa su ga sunansu yana ratsa birni. Wanda sunansa ya fi yawa a kan layi shi su ke kira sarki. Fentin kuwa, bisa ga abin da su da kansu su ke faɗa, galibinsa na sata ne daga kantuna. Waɗansu yaran a wannan hanya suka rasa rayukansu.

Hukuma ta yi ta fama. Magajin gari John Lindsay ya sa hannu a dokar hana abin a 1972, ba ta yi wani tasiri ba. Aka kawo injin wanke taragu da ruwan sinadari, sai ya kan dusashe launin ya bar jirgi da muni fiye da da. A 1981 magajin gari Ed Koch ya sa aka kewaye wani makwancin jirage da shingen waya ninki biyu, aka saki karnuka a tsakani. Amma abin da ya kashe al'adar wata dabara ce mai sauƙi. A 1984 sabon shugaban hukumar jiragen, David Gunn, ya kafa ƙa'ida cewa duk taragon da aka riga aka wanke, in aka sake yi masa rubutu, ba zai ci gaba da ɗaukar fasinja ba sai an goge. Yaro ya kwana yana zane, ya zo tasha ya jira, bai ga kome ba. Ran 12 ga Mayu 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai rubutu daga aiki, cikin taragu fiye da 6,000.

Wannan dabara ta tona abin da ke zuciyar yaran. Kare bai tsorata su ba, wuta ba ta tsorata su ba, amma da aka hana idon jama'a ganin sunansu sai gwiwarsu ta yi sanyi. Ashe abin da su ke nema shi ne a san da su. Ya kamata kuma mu yi musu adalci. Da yawansu 'ya'yan unguwannin da aka yi watsi da su ne. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, aka sallami dubban ma'aikata har da malaman makaranta, ga gidaje suna ta ƙonewa a kudancin unguwar Bronx. Yaron da ya tashi a nan, ba wanda ya san sunansa sai uwarsa da ɗan sanda, in ya ga sunan nan yana tafiya a kan ƙarfe yana ratsa unguwar masu kuɗi, lalle zai ji shi ma mutum ne. Waɗansunsu kuwa gwanaye ne na gaske, daga baya suka zama mashahuran masu zane.

To, son a ambaci mutum ba aibu ba ne a asalinsa, da shi aka halicce mu. A cikin Suratus Shu'ara'i an ba mu labarin cewa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa Ya bar masa kyakkyawan ambato a bakin waɗanda za su zo bayansa. Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa Imamu Malik ya kafa hujja da wannan aya a kan babu laifi mutum ya so a yabe shi da alheri, muddin dai don Allah ya yi aikin. Amma a cikin surar nan dai Annabi Hudu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zargi mutanensa Adawa da kakkafa alamomi a kan tuddai don wasa da taƙama. Watau sura ɗaya ta nuna mana ambato iri biyu. Akwai wanda aikin kirki ya haifar, akwai wanda a ke ƙaƙaba wa idon mutane ko suna so ko ba su so.

Ni da na ke koyar da Larabci, akwai wani rubutu da na kan ba ɗalibai labarinsa. A jikin wani dutse kusa da Al'ula, arewa da Madina, wani mutum mai suna Zuhairu ya sassaƙa sunansa, ya ambaci cewa ya yi rubutun ne lokacin rasuwar Sayyidina Umaru, shekara ta 24 bayan Hijira. Yana cikin mafi tsufan rubutun Larabci mai ɗauke da shekara na zamanin Musulunci, har da ɗigo a kan waɗansu harufansa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2003. Duwatsun Hijaz cike su ke da irinsa, da yawa daga masu su kuwa sun haɗa sunansu da roƙon gafara. Kun ga ke nan marmarin mutum ya bar alamar cewa shi ma ya zo duniya tsohon abu ne. Sai dai Zuhairu a dutsen daji ya yi nasa, wanda ba mallakar kowa ba ne, ba kuma wanda ya wuni yana kankarewa.

A nan ne na lura da abin da babu a fim ɗin da ɗalibina ya nuna mini. Dattawan nan sun ambaci abokansu, sun ambaci 'yan sandan da suka tsere wa, sun ambaci launin fenti. Amma ba su ambaci leburan da ya wuni yana goge tarago da sinadari mai shaƙe numfashi ba. Ba su ambaci tsohuwar da ta wuce tasharta domin an rufe taga da taswira da fenti ba. Ba su ambaci mai kantin da ya ƙidaya gwangwanayensa ya ga giɓi ba, balle uwar da ta kwana zaune tana jiran ɗanta. Waɗannan kuwa talakawa ne irinsu, mazauna unguwanninsu, waɗanda ba su da wata hanyar zuwa aiki sai jirgin nan. Labarin ya yi daɗi ne saboda an fitar da waɗanda aka cuta daga cikinsa.

Shari'a kuwa ba ta fitar da su. A Hajjin Bankwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa alfarmar dukiyar mutane da ta jininsu da ta mutuncinsu wuri guda. Hadisin da ya hana cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, yana kuma cikin Arba'una Hadis da yaranmu ke haddacewa. Cikin haƙƙoƙin hanya da Annabi ya lissafa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, akwai kamewa daga cutar da masu wucewa. Malaman fiƙihu kuma sun ce wanda ya ɓata kayan wani zai lamunce su, watau ya biya, ko da yaro ne wanda bai balaga ba. Zunubi ba ya kansa, amma biyan yana cikin dukiyarsa. Kayan gwamnati kuwa, waɗanda mu kan ce ba na kowa ba ne, haƙƙinsu ya fi wuyar saukewa, domin masu su ba su ƙidayuwa, ba ka san ƙofar da za ka yi sallama ka nemi afuwa ba.

Ba ina nufin laifin duka na yaran ne ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi Taki da kansa ya tambayi ɗan jarida don me a ke bin ƙaramin mutum a ƙyale 'yan siyasa masu liƙa takardunsu a jirage lokacin zaɓe. Duk wanda ya ga katangun makarantunmu da gadojinmu a shekarar zaɓe ya san tambayar nan tana da nauyi. Har ila yau hukunci ma yana iya zarce laifi. A watan Satumba 1983 'yan sandan jirgi suka kama wani saurayi baƙar fata mai shekara 25, Michael Stewart, bisa zargin rubutu a bangon tasha. Aka kai shi asibiti a sume da raunuka, bayan kwana 13 ya rasu. An gurfanar da 'yan sanda shida, kotu ta sallame su a 1985. Babu bangon da ya kai ran mutum daraja. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami, kowa da nasa littafi.

Na ce tambayar ɗalibin nan ta taɓa ni. Dalili kuwa ni ma ina da nawa jirgin, ko da ya ke nawa katanga ce ta ƙasa. Ina ɗan shekara 14, a unguwarmu akwai wani tsoho maƙwabcinmu, baduku, mu kan kira shi Baba. Cikin goman ƙarshe na wani azumi ya yi wa katangar gidansa yaɓe, ya shafe ta da farar ƙasa saboda Salla, shi kaɗai da hannunsa, domin 'ya'yansa maza ba su gari. Katanga ta yi fari fat, ta fi kowace kyau a layin. Mu huɗu ne abokai, kowa da laƙabin da ya raɗa wa kansa. Wani dare bayan an tashi daga asham muka ɗebo gawayi wajen mai tsire, muka rubuta laƙubbanmu da manyan baƙaƙe tun daga wannan kusurwa har waccan. Ni da ya ke na fi su kyan hannu, na yi nawa da boko, na kuma yi da ajami.

Washegari da hantsi na fito, na tarar da Baba tsugune a gaban katanga da bokiti da tsumma, yana sake kwaɓa farar ƙasa, bakinsa da azumi, rana tana dukansa. Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya iya karatun ajami, ya kuma san laƙabina. Iyakar abin da ya ce shi ne, “Ɗana, hannunka yana da kyau. Allah Ya sa ka yi rubutun da zai amfane ka.” Bai kai ƙara wurin mahaifina ba. Na wuce da sauri ban ce kome ba.

Shekara da shekaru ina ba da wannan labari cikin abokai ana dariya. Na kan faɗi yadda muka ɗebo gawayi, da yadda kare ya yi haushi muka watse, da yadda na yi wa sunana ado kamar allon zayyana. Amma ban taɓa kawowa wurin bokitin nan ba. Kullum a daren labarina ya ke ƙarewa, ba ya kai wa safiya. Sai ranar da aka yi jana'izar Baba, a lokacin har ina da iyali, ina tsaye cikin sahu safiyar nan ta dawo mini sarai. Bayan kwana uku na sami babban ɗansa na faɗa masa, na roƙi su yafe. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, ai mu mun yafe. Shi kuwa bai taɓa gaya mana ba.” Baba mutumin kirki ne, ina kyautata zaton ya yafe tun a ranar. Amma na sami shekara kusan ashirin da zan iya jin haka daga bakinsa, na ɓatar da su ina ba mutane dariya.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Akwai hadisai biyu waɗanda mai gaggawa zai zaci sun saɓa wa juna. Na farko, Muslim ya ruwaito daga Jabiru ɗan Samura cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan zauna a wurin da ya yi sallar Asuba har rana ta fito, sahabbai suna hira, su kan tuna al'amuran jahiliyya su yi dariya, shi kuwa yana murmushi. Na biyu, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana sa ran afuwa ga dukan al'umma ban da masu tallar saɓonsu, aka ba da misali da mutumin da ya aikata abu da dare Allah Ya rufa masa asiri, da safe ya tashi yana ba da labari da bakinsa. Hadisi na farko ya nuna tuna baya da dariya ba haram ba ne. Na biyu ya nuna akwai irin ba da labarin da ke hana mutum afuwa. To, ina bambancin?

Bambancin, a iyakar fahimtata, yana ga wanda a ke yi wa dariyar. Sahabbai wautarsu ta da su ke yi wa dariya, irin dariyar wanda ya farka daga mugun mafarki ya ga ashe yana kan shimfiɗarsa lafiya. Sun bar abin, sun ƙi shi, Musulunci kuma ya shafe abin da ya gabace shi. A cikin labarinsu su ne suka yi wauta. Mai tallar saɓo kuwa shi ne gwarzon labarinsa, wanda ya cuta shi ne abin dariya. Yana ba da labarin ne don a jinjina masa, watau yana sake rubuta sunansa, wannan karo a kunnuwan mutane. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan son matsayi da riya, ya bayyana cewa son matsayi neman mallakar zukatan mutane ne. Yaro yana nemansa da gawayi, dattijo yana nemansa da labarin gawayin. Ciwon ɗaya ne, furfura kawai ya yi.

In muna son misalin yadda a ke ba da labarin laifin kai, sai mu dubi sahabin nan Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, ba kuwa da wani uzuri ba, aka ƙaurace masa kwana 50 har Allah Ya karɓi tubarsa. Shi da kansa ya ba da labarin, ɗansa Abdullahi, wanda ke yi masa jagora bayan ya makance, ya ɗauko daga gare shi, yana nan cikin Buhari da Muslim. Ka'abu bai rage kome ba. Ya faɗi cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, ya faɗi yadda ya yi ta jinkiri yau da gobe, har da yadda ya fara shirya ƙaryar da zai yi kafin ya fasa. Ya kai labarinsa har safiya. Shi ya sa har yau a ke karanta shi a ke ƙaruwa.

Saboda haka ga ma'auni uku da na ke auna kaina da su, ina kuma ba 'yan'uwa shawara su gwada. Na ɗaya, wanda aka cuta yana cikin labarin, da gajiyarsa da asararsa, ko an fitar da shi? Na biyu, da zai yi sallama ya shigo wurin hirar yanzu, shi ko ɗansa, za ka iya ci gaba da labarin yadda ka faro shi? Na uku, yaron da ke gefe yana saurare, in an tashi ƙyamar abin zai ji ko sha'awarsa? In labari ya tsallake ukun nan, yi dariyarka, ƙuruciya dangin hauka ce, addini kuma bai ce mu mai da rayuwa zaman makoki ba. In bai tsallake ba, shiru ya fi. Wannan kuwa a kan ɓarnar da aka riga aka sani ne. Abin da Allah Ya rufa, musamman wanda ya shafi mutuncin wani, a bar shi a rufe.

Wani zai ce, haba Malam, gawayi a bango, abin da ya kai shekara arba'in? Amsa ita ce, tsawon zamani ya kan sa wanda a ke bi ya manta, amma ba ya biya masa bashin. Imamun Nawawi ya ambata a Riyadus Salihina cewa sharuɗɗan tuba uku ne, barin saɓon, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, amma in laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam sai an ƙara na huɗu, watau a sauke haƙƙin. Buhari kuma ya ruwaito umurnin Annabi cewa wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da ba a biya da kuɗi sai da lada. Nadama kuwa da alfahari ba su zama a zuciya ɗaya a kan abu ɗaya. Ba ina cewa kowane ɗan gawayi zai kai mutum wuta ba, rahamar Allah ta fi haka yalwa. Abin da na ke tsoro shi ne sabo, domin zuciyar da ta saba fitar da wanda ta cuta daga ƙaramin labari ba za ta sha wuyar fitar da shi daga babba ba.

Hanyar gyara ba ta da nisa. In mai haƙƙin yana raye, a same shi a faɗa masa, a biya in abin biya ne. In ya rasu, a sami magadansa, a kuma yi masa addu'a da sadaka. In kayan jama'a ne, kamar teburin makaranta da aka sassaƙa wa suna, ko bangon aji, to a mayar wa jama'a. A sayi fenti, a gyara benci, kada kuwa a rubuta sunan wanda ya gyara. Kada kuma mu zaci abin na yara ne kaɗai. Alhazai sun san yadda a kan cika ginshiƙin da ke kan Dutsen Rahama a Arfa, da duwatsun hanyar kogon Hira, da sunayen mutane, alhali babu wannan a cikin aikin Hajji, masu yi kuma ba yara ba ne.

Sauran magana tana kanmu iyaye da malamai. Yaron da ya rubuta sunansa a bango sanarwa ya ke yi cewa yana nan. In an goge bangon, aka yi masa bulala, aka tsaya nan, an ɓoye alamar ke nan an bar ciwon. Baba maƙwabcinmu ya fi ni sanin tarbiyya, ga shi bai taɓa zama a aji ba. Ya ga laifina, ya kuma ga hannuna, sai ya ambaci hannun ya yi masa addu'a. A riƙa kiran yaro da sunansa, a ba shi aikin da za a yaba masa a kai, a ba mai kyan hannu allo da takarda, ko bangon da mai shi ya yarda. Sa'an nan a sa shi ya ɗauki bokiti ya gyara wanda ya ɓata, domin ya san safiyar labarinsa tun yana yaro.

Amsar da na ba ɗalibina ke nan da muka sake haɗuwa. Na ce masa zukatan dattawan nan Allah ne Ya san su, mu kuwa namu labaran ya kamata mu auna. Taragun da suka kwana suna yi wa ado an wanke su, an daina aiki da su, har tsakanin 2001 da 2010 an zuba tsofaffin taragu fiye da 2,500 cikin tekun Atlantika don su zama mazaunin kifi. Katangar Baba ma tuni aka rushe ta aka yi ta bulo. Amma Suratu Yasin ta sanar da mu cewa ana rubuta ayyukan mutane har da sawun da suka bari a bayansu, Suratul Kahfi kuma ta siffanta mamakin masu laifi sa'ad da za su ga an ƙididdige musu har ƙananan abubuwa. Wancan rubutu ba lebura da zai goge shi, sai tuba da yafewar mai haƙƙi.

Allah Ya yafe mana wautar ƙuruciya da taƙamar tsufa, Ya jiƙan waɗanda muka cuta suka yi haƙuri, Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin mutane tun muna iya magana.